Waƙa a Bakin Mai Ita: Rubuta Labarin Rayuwa da Karanta na Wasu da Idon Basira

Jawabin da aka gabatar a ranar laccoci ta bikin cikar wannan sarauta shekara ɗari



Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mini nauyin yin magana a kan rubuta labarin rayuwa, da kuma yadda ya kamata a karanta abin da wasu suka rubuta. Waɗanda suka riga ni hawa wannan mumbari sun jero mana sarakuna da shekarun mulkinsu, kuma sun kyauta. To amma shekara ɗari ba a fada kaɗai aka yi ta ba. An yi ta a gona da bakin rijiya, a kasuwa da tashar mota, a ɗakin amarya da gidan makoki. Wannan ɓangare na tarihinmu yana cikin kawunan mutane, kuma kowace shekara muna raka wani yanki nasa maƙabarta. Abin da nake son in tsaya a kai shi ne: mafi yawan abin da duniya ta sani game da Birnin Ƙonni baƙi ne suka rubuta shi, kuma ba za mu iya gyara wannan ba sai mun koyi abu biyu a tare, wato karanta nasu da tsanaki, da rubuta namu da gaskiya.

Bari in fara da abin da ya fi kowanne nauyi. A watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara a ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, da nufin isa tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu ta gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu, cikin ƙasar Arewa. A farkon watan Mayu ta iso nan. Aka buɗe wa birni wuta, aka karkashe jama'a, aka kwashi mata bayi. Gwamnatin Faransa ta aiko Kanal Klobb ya tsayar da su, ya bi sawunsu har ya cim musu, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyun a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa.

Wa ya rubuta wannan labari? Klobb yana da ɗan littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum a kan hanya, ƙonannun garuruwa da gawarwaki, kuma matarsa ta fitar da shi a 1905. Joalland, wanda yake cikin rundunar kanta a matsayin hafsan igwa, ya wallafa nasa littafin, Le Drame de Dankori, a 1930, lokacin ya riga ya zama janar. Duk wanda ya iya faransanci a cikinmu ya kamata ya nemi waɗannan littattafai, amma kada ya sha su kamar fura. Ya fara da sunan littafin Joalland kansa. A wurinsa masifar da ta cancanci suna a bangon littafi ita ce ta Dankori, inda Bafaranshe ya kashe Bafaranshe. Ƙonni zango ce kawai a kan hanyar zuwa can. Sannan mai karatu ya tambayi kansa: mutumin da yake cikin rundunar, ya zauna rubutu bayan shekara talatin, shugabannin nan biyu kuma sun mutu ba za su musa ba, a wuyan wa zai rataya laifi? Ban ce duk abin da ya faɗa ƙarya ne ba. Na ce ne kawai a lura da wurin da ya tsawaita bayani da wurin da ya yi sauri ya wuce, domin a nan ne marubuci yakan tona kansa. Shi kuwa Klobb, a ganina mutum ne mai gaskiya a abin da ya rubuta, sai dai kufai ya tarar, kuma damuwarsa ita ce ɗa'ar soja da mutuncin ƙasarsa. A cikin rubuce-rubucen hafsoshin nan kowane Bature yana da suna da muƙami da ranar mutuwa. Kakanninmu kuwa adadi ne, adadin ma masana ba su daidaita a kansa ba har yau.

Ranka ya daɗe, wannan giɓi ba wani farfesa daga Turai da zai cike mana shi. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun shuɗe, ɗiyansu ma sun shuɗe. Amma akwai jikoki da tattaɓa-kunne a cikin wannan taro waɗanda aka gaya wa sunan wanda ya faɗi a ƙofar gari, da sunan wadda aka tafi da ita ba ta dawo ba, da ƙauyen da dangi suka gudu suka fake. Lokacin da masu shirya fim ɗin African Apocalypse, wanda ya fito a 2020, suka biyo hanyar rundunar har garin nan, irin waɗannan labarai ne suka tarar a bakin mutane. Idan baƙo mai kwana kaɗan ya samu haka, me ɗan gari zai samu in ya zauna da gwaggonsa wata guda da alƙalami a hannu?

Akwai wani rubutun kuma da ya shafi gidajen sarauta kai tsaye. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a ɓangaren Ingilishi. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 kafin aka ja iyakar da muka sani, aka kuma kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, Tilho yana jagorantar ɓangaren Faransa. A cikin tawagarsa akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya ji Hausa, ya bi fada-fada yana tambayar asali da jerin sarakuna. Abin da ya tattara an buga shi cikin kundin rahoton tawagar, kuma masu bincike suna komawa gare shi har gobe. Aiki ne mai daraja. Amma a tuna da yanayin da aka yi hirar: mai tambaya yana tafe da masu rabon ƙasa, mai amsawa kuma ya san cewa abin da ya faɗa zai iya ɗaga gidansa ko ya ƙasƙantar da shi. A irin wannan zama ba kowane kaka ake ambata ba, ba kuma kowane yaƙi da aka sha kashi ake tunawa ba. Shi ya sa Farfesa Djibo Hamani, da ya zo rubuta tarihin Adar wanda ya fito a 1975, bai tsaya ga takardun Turawa ba, ya haɗa da rubuce-rubucen Larabci da abin da ya ji daga bakin dattawa, yana gwada wannan da wancan.

Haka kuma ya kamata mu karanta har abin da namu suka rubuta. Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, ɗan gwagwarmayar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. A takardun hafsoshin Faransa Sarauniya layi kaɗan ta samu, su ma na raini. Mamani ya ɗauki waɗannan ƴan layuka da abin da ya ji, ya gina mata ƙuruciya da fada da jawabai, domin yana son ƴan Nijar su sami wadda za su ɗaga kai da ita. Ya yi nasara, kuma muna gode masa. Sai dai littafinsa ƙagaggen labari ne, shi ma bai ce kundin tarihi ya rubuta ba. Haɗarin da nake gani shi ne yaro ya kalli fim, bayan shekara ashirin ya ba da abin da ya kalla a matsayin abin da kakarsa ta gaya masa. Duk mai tattara labarin tsofaffi yanzu dole ya riƙa tambaya a hankali: wannan daga bakin wa ka ji shi, ko kuwa a rediyo ne?

Yanzu in juya ga rubuta namu. Na san abin da zai fara zuwa zukatan dattawa: yabon kai jahilci ne, kuma mutum mai kunya ba ya zama yana cewa ni, ni. Wannan gaskiya ne game da kirari, kuma kirari yana da masu shi. Maroƙa da makaɗa sun fi mu iyawa, kada mu ƙwace musu sana'a. Labarin rayuwa wani abu ne daban. Shaida ce. Mutum ne yake cewa ga abin da na gani, ga inda nake tsaye lokacin da na gan shi. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya kuma rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya bi waƙoƙinsa yana bayyana halin da yake ciki lokacin da ya tsara kowace. A ciki bai ɓoye cewa akwai lokacin da ransa ya ɓaci da yadda son duniya ya shiga jama'arsu ba, har ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Mutumin da ya kai wannan matsayi bai ga faɗin haka a matsayin zubar da girma ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Infaƙul Maisuri, ya ambaci Ƙonni cikin yaƙe-yaƙen farko na 1804. Shi ma ta ɓangarensa ya ba da labari, kamar kowane marubuci; yadda mutanen cikin ganuwa suka ga ranar, wannan sai a gidajenmu.

Kada kuma wani ya ce ai waɗannan manyan malamai ne. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, daga baya aka ƴanta shi, ya zama yaron matafiyin nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Ya bi shi ta Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu, sannan ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya ba wani mai nazarin Hausa, Schön, labarin rayuwarsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Barth ya rubuta manyan mujalladai biyar a kan tafiyar, cike da sunayen duwatsu da awon nisa. Na Dorugu gajere ne, amma a nan ne za ka ji yadda yunwa take, da yadda ake raba yaro da iyayensa, da yadda cin abincin Turawa da tsarinsa ya zama abin kallo a idon Bahaushe. Tafiya ɗaya, idanu biyu. Ba don an zaunar da yaron nan an rubuta ba, da ubangidansa kaɗai za mu ji.

Misalin da na fi so iyayenmu mata su riƙe shi ne na Baba ta Karo. An haife ta a 1877, ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labari ana rubutawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da turanci a 1954, sai bayan shekaru masu yawa aka buga shi da Hausar da ta faɗe shi. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai lura da wani abu: zuwan Turawa, wanda littattafan makaranta suke cika shafuka da shi, wuri kaɗan ya ci a bakinta. Abin da ta daɗe a kai shi ne aurenta huɗu da dalilin mutuwar waɗanda suka mutu, da rashin haihuwa da riƙon ɗiyan dangi, da ƙawance, da bori, da zaman rinji tsakanin iyayengiji da bayi, da fargabar mahara masu kama mutane da kuɗin fansa. Yau duk mai son sanin yadda mace ta rayu a ƙasar Hausa a wancan zamani, a kowace jami'a ta duniya yake, sai ya bi ta wurin wannan tsohuwa. Ina da yaƙinin cewa a unguwannin Ƙonni, da Galmi, da Tsarnawa, da Masallata, akwai irinta da yawa, ba a dai zauna da su ba ne.

Wanda har yanzu kunya ta hana shi cewa ni, yana da mafita a wurin Boubou Hama, wanda ya ba da labarin ƙuruciyarsa da yadda aka kai shi makarantar Turawa ta bakin wani yaro da ya kira Kotia-Nima. Littafin ya ci babbar kyautar adabin Afirka.

To me za a rubuta? Abin da kake ganin bai kai a rubuta ba, shi ne jikanka zai fi nema. Wanda ya yi aikin tilas kafin a soke shi a 1946, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, ya faɗi wace hanya aka fasa, wa ya zaɓi masu tafiya, me aka ci a can. Wanda ya ga ranar biyan lanho a gaban kumandan ya kwatanta ta. Ma'aikatan farko na masana'antar siminti ta Malbaza, da manoman da aka raba wa filayen noman rani bayan an gina madatsun Mozage da Zango, da waɗanda suka fara kai albasar Galmi Abijan, da ƴan cin rani, da direbobin hanyar Illela ta Nijeriya, kowannensu yana riƙe da babin da babu shi a kowane ofis. Akwai kuma babin da aka daɗe ana yin shiru a kansa, kamar ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 da abin da ya faru a 1964 lokacin da mayaƙan Sawaba suka shigo, wanda ya taɓa wannan yanki ya kuma raba gidaje. Sai da wani masani ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya zo ya yi shekaru yana hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar kafin littafinsa ya fito a 2013, da turanci. Ba na kiran a tada tsohon miki. Mai rubutu yana iya sakaya sunan wanda zai ji kunya, yana iya kuma ba da wasiyyar kada a buɗe littafinsa sai bayan ransa. Abin da bai kamata ba shi ne ya canza abin da ya faru.

Game da shekaru, tsofaffinmu ba su ƙirga da lamba, da aukuwa suke ƙirgawa, kuma wannan ya isa. Wanda ya ce an haifi mahaifinsa shekarar Kakalaba, ya nuna 1913 zuwa 1914. Wadda ta ce an yi mata aure bayan hawan Kunce da damina ɗaya, 1975 take nufi. El Buhari kuwa kowa a nan ya san yunwar 1984 ce, wadda ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya. A rubuta yadda aka faɗa, sannan a sa lambar a gefe. Haka ma kuɗi da awo: in tsoho ya ce ya sayi tiyar hatsi dala ashirin, a bar dalarsa, a ƙara bayani cewa dala tamma biyar ce, domin jikan da zai karanta wataƙila da wani kuɗin zai tashi. Kuma a rarrabe abu uku da suke son cakuɗewa a bakin mai ba da labari: abin da na gani, abin da wanda ya gani ya gaya mini, da abin da ake faɗa a gari.

Ina da roƙo na musamman ga matasa ƴan lakwal da za su riƙe alƙalami ko wayar ɗaukar murya. Kada ku gyara wa kakanninku harshe. In ta ce munka tahi, kada ku rubuta muka tafi. In ya ce wanga gari, ku bar masa wanga. Hausar Kano tana da masu rubuta ta da yawa, tamu ce ba ta da su. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, za a buƙaci littattafan karatu masu yawa, kuma zai zama abin takaici a ce ɗan Ƙonni bai sami muryar gidansu a ko ɗaya ba. Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya rubuta da ajami. Maƙwabtanmu Fulani da Buzaye su ba da nasu da harshensu, a fassara daga baya. Kuma kada a bar murya a cikin waya kawai. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, saƙon WhatsApp yana ɓacewa. A juye a takarda, a rubuta sunan mai magana da unguwarsa da ranar da aka yi hirar.

Ranka ya daɗe, a nan ne nake miƙa koke ga fada. A ware ɗaki ɗaya, ko da akwatin ƙarfe ne mai makulli a farko, inda kowane gida zai iya kawo kwafin abin da ya rubuta, a naɗa wanda zai riƙa karɓa yana shigarwa a rajista. A aika kwafi na biyu Yamai, ko dai cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, wadda take adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ko cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 domin tattara tarihin baka, saboda gara da gobara ba su san darajar takarda ba. Aikin farko da nake ba da shawarar a sa a wannan akwati shi ne jerin sunayen mutanen 1899, gida-gida, unguwa-unguwa: wanda aka kashe, wadda aka tafi da ita, wanda ya gudu da inda ya sauka. Masu unguwanni sun san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. Idan Mai martaba ya ba da umarni, ɗaliban makarantun sakandare na garin nan za su iya fara zagayen a hutun ƙarshen shekara mai zuwa, a fara da waɗanda suka haura shekara tamanin.